Ɗan sari ya ga farashin babban dila a shagon intanet: ina matsalar take, kuma yaya ake gyara ta ba tare da kashe kesh ba?

Tambaya: Muna sayar da kayan wutar lantarki a sari a Kumasi, wajen Adum. Shagonmu na intanet a kan manhajar shago ta Magento 2 yake, da Varnish a gabansa, wato kesh mai ajiye kwafin shafuka don su buɗe da sauri, kaya kusan 4,000, 'yan sari masu asusu kusan 600. Kowa da farashinsa: babban dila daban, mai ɗaukar katan biyu daban. Wani ƙaramin ɗan sari daga Tamale ya buɗe shafin naɗin wayar wuta ya tarar da farashin babban dilanmu, ya ce shi ma sai a ba shi haka. Yaron da ke kula mana da shafin ya kashe kesh gaba ɗaya, yanzu shafi sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe. Mene ne mafita?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Abin da yaronka ya yi ya tsayar da zubar farashin wani ga wani, amma ba gyara ba ne, kuma in aka bar shi haka ranar da kwastomomi suka yi yawa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shagon, za ta durƙushe. A mayar da kesh, sai dai a fara gane abin da yake yi.

Idan mutum na farko ya buɗe shafin naɗin waya, Varnish ba shi da komai a hannu, sai ya miƙa buƙatar ga Magento. Magento ya tashi PHP, ya shiga rumbun bayanai, ya haɗa shafin, ya miƙo. Varnish ya ba mutumin, ya kuma ajiye kwafi ƙarƙashin wani mabuɗi. Duk wanda ya zo daga baya da mabuɗi iri ɗaya, wannan kwafin za a ba shi, Magento bai ma san ya zo ba. Nan ne gizo ke saƙar. Duk wani sharaɗi da aka rubuta a cikin shafin, irin "in wane ne ka nuna masa farashi kaza", sau ɗaya tak yake aiki, lokacin da ake haɗa kwafin. Wanda ya riga kowa zuwa, farashinsa ne zai zauna a shafin, kuma a saitin Magento na asali kwafin na iya kwana ɗaya cur, daƙiƙa 86,400. Babban dilanka ne ya fara buɗe shafin da safe, mutumin Tamale ya zo ya gaji kwafinsa.

Saboda haka aikin farko ba na kwamfuta ba ne, na takarda da biro ne. Ka zauna da yaron ku bi shafin kaya ɗaya daga sama har ƙasa, kowane abu ku tambaya: wa ke ganin wannan? Hoton kaya, sunansa, bayaninsa, kaurin wayar, tsawon naɗi, kowa iri ɗaya yake gani. Farashin rukuni, sharaɗin mafi ƙarancin katan, kayan da aka keɓe wa diloli, waɗannan na jama'a ne masu yawa a tare. Sunan kamfanin mutum, bashin da ake bin sa, iyakar bashin da aka yarda masa, odarsa ta baya, da farashin da kuka yi ciniki da shi shi kaɗai, waɗannan na mutum ɗaya ne. Kashi na farko da na biyu suna shiga kesh lafiya. Kashi na uku kuwa kada ya taɓa shiga kwafin da ake rabawa, ko da na minti ɗaya ne.

Farashin rukuni Magento ya riga ya san yadda zai yi da shi. Yana da wani abu da yake kira HTTP Context, inda yake riƙe rukunin kwastoma, ko ya shiga da asusu ko bai shiga ba, kuɗin da ake nuna farashi da shi, da reshen shago. Yana dunƙule su ya mai da su tsararrun haruffa, ya sa a kuki, wato ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a burauzar mai ziyara, wanda ake kira X-Magento-Vary, shi kuma Varnish yana haɗa kukin nan da adireshin shafi wurin yin mabuɗi. Da haka dila da ƙaramin ɗan sari ke samun kwafi daban-daban na shafi ɗaya. In da da rukunin kwastoma da farashin mataki na Magento kawai kuke aiki, da abin da ya faru bai faru ba. Tunda ya faru, wurare uku za a duba.

Na farko, wanda na fi zargi, wani ƙarin manhaja da ke ɗauko farashi da lambar kwastoma, daga wani teburi ko daga manhajar lissafin ofis, ya rubuta shi kai tsaye a cikin shafi. Magento da gangan yake share bayanan kwastoma daga zaman mai ziyara yayin da yake haɗa shafin da zai shiga kesh, don kada irin wannan ta faru. Mai rubuta manhaja sai ya ga lambar kwastoma ta ɓace masa, ya ɗauka kuskure ne, ya kewaye ta hanyar kama lambar tun kafin a share ta. A na'urarsa, inda kesh ke kashe, komai zai yi daidai. Sai an hau shagon gaske ɓarnar ke fitowa. A tuna kuma akwai ƙaramin kesh na biyu a cikin Magento mai suna block_html, wanda ke ajiye gutsattsarin shafi, har da akwatin farashi. Ko an gyara Varnish, in mabuɗin wannan gutsuren bai bambanta abin da farashin ke bambanta a kai ba, za a ci gaba da ganin farashin wani.

Na biyu, fayil ɗin VCL, wato fayil ɗin dokokin aikin Varnish. A buɗe sashen vcl_hash a tabbata layin da ke karanta X-Magento-Vary yana nan. Akwai masu kwafo VCL na wani shafi daban wanda ke goge kukis duka don ƙara sauri. A fitar da VCL daga cikin Magento kansa, wanda ya dace da sigar Varnish ɗin da ke kan saba.

Na uku, in kun sa Cloudflare a gaba, wato kamfanin da ke shiga tsakanin mai ziyara da sabarku yana ajiye fayiloli a cibiyoyinsa. Shi a asali ba ya ajiye shafukan HTML, hotuna da fayilolin CSS da JavaScript yake ajiyewa. Amma da zarar wani ya sa masa dokar ya ajiye komai, to ya zama kesh na uku wanda bai san X-Magento-Vary ba, kuma ba ya jin umarnin sharewa da Magento ke aika wa Varnish. A duba cf-cache-status a kan amsar shafin kaya; in ya nuna HIT alhali ka shiga da asusu, an kama ɓarawon. Ni shawarata, a bar wa Cloudflare hotuna da sauran fayiloli marasa canzawa, tunda yana da cibiya a Accra kuma hotunan ne suka fi nauyi, a bar HTML a hannun Varnish shi kaɗai.

Yanzu ga tarkon da yawancin mutane ke faɗawa in sun gane zancen mabuɗi: sai su ce to a sa lambar kwastoma a cikin mabuɗin mana, ko a buɗe wa kowane kwastoma rukuninsa. Zubar za ta tsaya, gaskiya ne. Amma yi lissafi da alƙalumanka. Kaya 4,000 sau rukuni 5 kwafi 20,000 ke nan. In kowane shafi ya kai kilobait 50, wajen gigabait 1, saba mai matsakaicin ƙarfi za ta riƙe shi. Kaya 4,000 sau mutum 600 kuwa kwafi miliyan 2 da dubu 400, wajen gigabait 120. Ba ma wurin ajiyar ne babbar matsala ba. Amfanin kesh shi ne wani ya haɗa, wasu su mora. In kowa da nasa kwafin, kusan duk shafin da ɗan sari ya buɗe shi ne na farko a kansa, sai ya jira Magento. Ka koma gidan jiya, ga kuma kuɗin saba ya ƙaru. Haka teburin jeren farashi na Magento, layi yake yi wa kowane kaya a kowane rukuni, rukuni 600 zai mai da sake jera farashi aikin sa'o'i.

Abin da ya fi, ka dubi littafin cinikinka da idon basira. Ko da yake ana cewa kowa da farashinsa, in aka jera mutum 600 ɗin nan za a tarar yawancinsu matakai kaɗan suke bi: baƙo, ƙaramin ɗan sari, matsakaici, dila, babban dila, wataƙila da 'yan kwangila. Waɗannan a mai da su rukunai, ragin yawan katan a sa shi a farashin mataki. Sai a ware tsirarun da ke da ciniki na musamman a kan wasu kaya ƙididdigaggu. In akwai wani bambancin da ba rukuni ba amma jama'a da yawa suka yi tarayya a kansa, misali masu ɗauka daga sito na Kumasi da masu ɗauka daga na Accra, ana iya ƙara shi a HTTP Context da setValue. Sharaɗin dai ƙimominsa su zama 'yan kaɗan, domin kowace sabuwar ƙima ninka yawan kwafi take yi: rukuni 5 da sito 2 kwafi 10 ne na kowane shafi. A lura da ƙimar asali da ake ba setValue, domin duk abin da ya yi daidai da ita ba ya shiga mabuɗin.

Su kuma masu farashi na kansu, hanyar ita ce a bar gurbi a shafin, a cike shi daga baya. Shafin ya fito daga Varnish nan take da hoto da bayani, wurin farashi kuma da ɗan rubutu "ana ɗauko farashinka". Sai JavaScript, wato manhajar da ke gudana a burauzar mutum, ya tattara lambobin duk kayan da ke shafin, ya aika buƙata guda ɗaya zuwa wata ƙofa da aka gina don haka, ta dawo da farashin, ya zuba su a guraben. Nan ne aikin ke buƙatar natsuwa, don kurakuran da ake yi a nan sun fi na farko muni.

Buƙata ɗaya ga shafi, ba ɗaya ga kowane kaya ba. Shafin rukunin kaya mai abu 24 in ya aika buƙatu 24, kowacce ta tashi PHP, ka ɗora wa saba nauyin da ya fi na da. Ka kuma tuna ɗan sarinka a tsaye yake a shago a Aboabo ko Tamale da waya a hannu, yana kan data, ga kwastoma a gabansa yana jira; in sabarka a Turai take, kowace tafiya da dawowa kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ce kafin ma a fara lissafi.

Ƙofar ta gane mai tambaya daga zamansa na shiga, wato kukin da saba ta ba shi, ba daga lambar da aka rubuta a adireshi ba. In adireshin ya ƙunshi wani abu kamar lambar kwastoma 215, duk mai wayo zai mai da ita 216 ya karanta farashin maƙwabcinsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kwashe littafinka duka. Amsar kuma ta fito da Cache-Control: private, no-store, a kuma gwada a gani da ido cewa Varnish da Cloudflare ba su ajiye ta ba.

Kada a fara nuna farashin baƙi sannan a sauya shi bayan daƙiƙa biyu. Dila zai ga sidi 950, ya ƙifta ido ya ga 870, gobe ya ga na farkon lokacin da sabis ya yi rauni ya kira ka yana faɗa. In buƙatar ta gaza, a rubuta masa a fili cewa ba a samu farashinsa ba, ga maɓallin sake gwadawa. Gurbin kuma a ba shi tsayinsa tun farko, don kada shafin ya yi tsalle yatsan mutum ya sauka kan wani maɓallin.

Akwai abin da wannan hanya ba ta gyarawa, gara ka sani tun yanzu. Jera kaya daga mai araha zuwa mai tsada, da tace su da farashi, daga jeren farashin rukuni suke fitowa. Mai ciniki na musamman zai ga jerin bisa farashin rukuninsa, ba bisa nasa ba. Ga mutum goma ko ashirin wannan abin haƙuri ne, kuma yana cikin dalilan da suka sa nake matsa maka ka tura yawancin mutane cikin rukunai.

Sunan kamfani, gaisuwa, adadin kayan da ke kwando, lambar yaron shagon da ke kula da asusun mutum, waɗannan Magento yana da hanyarsu da ake kira customer-data. Burauza na ɗauko su daga /customer/section/load ta ajiye a cikin wayar mutum, galibi ba ta sake tambaya sai an yi wani aiki da aka lissafa a sections.xml, kamar saka kaya a kwando. Wannan yana da kyau ga abin da ba ya canzawa sai da hannun mai shi. Ragowar bashi ba ya cikinsu. Mutum ya turo kuɗi ta MoMo, akawunka ya shigar a ofis, wayarsa ba ta da labari, za ta ci gaba da nuna masa tsohon bashi. A ɗauko ragowar bashi sabo duk lokacin da za a nuna shi, kuma ni da za a bi tawa, a shafin asusu da wurin biya kawai za a nuna shi. A shaguna da yawa kwamfuta ɗaya ce ko waya ɗaya yara uku ke amfani da ita, bai kamata bashin maigida ya riƙa bin kowane shafi ba. Suna da lambar waya da bashin mutum bayanan sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, Act 843, fitarsu ga wani ya wuce zancen jin kunya.

In akwai farashi ko kayan da ba ka so baƙo ya gani sam, kada a ɓoye su da CSS. Abin da aka ɓoye da CSS yana nan cikin shafin, duk wanda ya buɗe tushen shafi zai karanta. Farashi kan maƙale a wurare da ido ba ya gani: data-price-amount, bayanan da ake rubuta wa Google, da JSON na kaya masu zaɓin kauri ko launi. A cire shi tun daga saba ga rukunin baƙi, sannan a bincika tushen shafin da lambar farashin a tabbata babu ita.

Game da abin da yaronka ya yi, a binciko cacheable="false" a duk fayilolin tsarin shafi. Gutsure ɗaya mai wannan alama yana hana shafin gaba ɗayansa shiga kesh, in kuma a default.xml aka sa shi, shago duka ya fita. Wurinsa kwando, wurin biya da shafukan asusu. ESI ma, wato hanyar da Varnish ke haɗa shafi daga gutsattsari daban-daban, za a ba ku shawararsa. A Magento an yi shi ne don gutsattsarin kowa da kowa kamar jerin rukunan kaya na sama, kada a ɗora masa farashin mutum ɗaya.

Sai sabunta farashi, wanda ga mai shigo da kaya ba ƙaramin abu ba ne, tunda in dala ta motsa farashi na iya canzawa sau biyu a mako. Magento na liƙa wa kowane kwafi alamun kayan da ke cikinsa a X-Magento-Tags, in an canza kaya sai ya aika wa Varnish ya share duk kwafin da ke ɗauke da alamar. Wannan na aiki ne in canjin ya bi ta Magento: shafin gudanarwa, shigo da fayil, ko API. Wanda ya rubuta farashi kai tsaye cikin rumbun bayanai na MySQL yana iya tsallake wannan sarƙar, tsohon farashi ya kwana a shafi. A tabbata cron, mai tada ayyukan saba a kan lokaci, na gudana kowane minti, masu jera bayanai suna kan Update by Schedule, kuma an rubuta adireshin Varnish a http_cache_hosts, in ba haka ba umarnin sharewa ba ya isa ko'ina. Babban canjin farashi a yi shi da dare, a kuma bi manyan shafuka a ɗumama su, wato a buɗe su don kwafinsu ya shiga kesh, rukuni-rukuni kafin a buɗe kasuwa. Mai ɗumamawar da ke zuwa a matsayin baƙo kwafin baƙi kawai yake haɗawa. Adadin kayan da suka rage a sito ma kada a rubuta shi cikin kwafin, "akwai" ko "ya ƙare" ya isa, ainihin adadin ya biyo buƙatar farashi.

Duk abin da shafi ya nuna, kwando da wurin biya su sake lissafa farashi a saba, daga ƙa'idar da ƙofar farashi ke amfani da ita, wuri ɗaya ba biyu ba. Kada a karɓi farashi daga burauza ko da wasa.

Ga masu shago a kan WooCommerce na WordPress da ke karanta wannan, tsarin ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta: yawancin manhajojin kesh suna tsallake duk mai kukin wordpress_logged_in, wanda ke hana zuba amma ya bar 'yan sari da jinkiri, shi kuma LiteSpeed Cache yana iya raba kwafi bisa matsayin mai asusu.

Kafin a ce an gama, a yi gwajin nan, kuma jerin yana da muhimmanci tunda na farko ne ke rubuta kwafi. A buɗe asusun gwaji guda uku: ƙaramin ɗan sari, babban dila, da mai ciniki na musamman. A share kesh duka. A shiga da mai ciniki na musamman a buɗe shafin kaya ɗaya, shafin rukuni ɗaya, da sakamakon bincike ɗaya. Sannan a ɗauki wata waya daban, a kan data ba wayfai na ofis ba, a buɗe shafukan nan a matsayin baƙo, sai ƙaramin ɗan sari, sai dila, ana rubuta farashin da kowa ya gani. A sake share kesh a juya jerin, baƙo ya fara. A fita daga asusu a danna maɓallin komawa baya a ga ko suna ko farashi ya maƙale. A canza rukunin wani daga ofis yana ciki, a ga yaushe sabon farashi ke isa gare shi. In sai ya fita ya sake shiga, a sanar da yaran shago su riƙa faɗa wa kwastoma haka. Daga nan a buɗe varnishstat a kan saba a dubi cache_hit (an samu kwafi) da cache_miss (ba a samu ba) a tsakiyar ranar kasuwa. In cache_miss ne ke gudu fiye da ɗan'uwansa bayan kesh ya ɗumama, akwai abin da ke ninka mabuɗi ko wani cacheable="false" da bai fita ba, sai a koma varnishlog a bi buƙata ɗaya daga shigarta har fitarta. Wannan gwajin a maimaita shi duk ranar da aka saka sabon ƙarin manhaja ko aka taɓa saitin Cloudflare.